Kwalbar Baiwa Ta Zaga Unguwa

Duk wanda ya taɓa cin tuwon shinkafa a Gulma bai fasa haƙori ba, ya gode wa Allah, sannan ya gode wa Baiwa. Sana'arta ke nan tun tana amarya har ta zama tsohuwar da jikoki ke yi wa tsiya. Ta sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji, sannan ta miƙe ƙafa da faifai tana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan sarin Argungu ko tona buhunta ba sa yi.

Aibinta guda ne, bakinta bai iya "babu" ba. Turminta ya fi ta sanin gidajen unguwa. Marigayi Hodi, mijinta, yakan ce da kai abin aro ne, da Baiwa ta cire nata ta miƙa, ta ce a maido kafin magariba.

Yanar ido ta fara shigar mata ta idon hagu, kamar hayaƙin ɗanyen icce da ya ƙi fita ɗaki. Wata ranar kasuwa wani mai yawo da jaka ya ce aikinsa ke nan tun kakanni. Ya zaunar da ita a zaure, ya sa tsinken ƙarfe ya tura yanar can cikin ido. Ta ga haske na 'yan kwanaki, daga nan idon ya kumbura, ya mutu murus. Mai jaka kuwa, wanda ya san inda guguwa take kwana shi zai faɗa muku inda ya nufa.

Da ido guda ta ci gaba da tsintar shinkafa shekara da shekaru. Sai ga yana ta biyo na daman ma, domin ita yana ba ta san kara ba.

Ɗanta Mansur, wanda ke jan Keke Napep a Birnin Kebbi yana zaune a unguwar Badariya, shi ya zo da labarin cewa wasu likitoci za su sauka Argungu su yi aikin ido kyauta.

"Inna, ki shirya mu tahi. Wagga ba irin ta mai jaka ba ce."

"Kai, rufa mini asiri. Ido guda yar rage mini, shi ma so kake a soke? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake."

"To ki zauna shi rufe da kanshi. Jiya wa kika gaida a ƙofar gida?"

Ta kau da kai. Turken akuya ta gaisar, har da tambayar iyali.

Suka tafi. Argungu ta cika da tsofaffi, kowa da sandarsa da mai ja masa gora. Aka yi mata aiki, kuma a faɗi gaskiya aiki ya yi kyau. Washegari da aka cire audugar, duniya ta faɗo mata gaba ɗaya: koren darbejiya, jan mayafin wata mata, ƙuda a kan gwiwarta. Ta dubi Mansur ta riƙe haɓa.

"La ilaha! Wa ya aske maka tsakiyar kai ya bar gefe? Ashe tsufa kake yi ban sani ba!"

Aka tara su ƙarƙashin itace, wani saurayi da muryarsa ta dishe ya yi musu bayani gaba ɗaya, su fiye da masu sallar Juma'a. Kada hayaƙi, kada ruwa ya shiga, kada a murza, a riƙa ɗiga maganin da ke cikin wannan 'yar kwalba, a dawo a duba. A dawo ina, wurin wa, wannan bai kai kunnen na baya ba. Bai kuma ce kada a ba da aron kwalba ba. Wa zai yi tunanin faɗin haka? Kafin la'asar an naɗe rumfuna, motocin likitoci sun kama hanyar wani gari.

Mansur ya mayar da ita Gulma ya koma kan kekensa. Gida ya cika da 'yan barka. Baiwa tana kiran kowa da sunansa tun daga bakin zaure, tana faɗa wa wannan ta rame, waccan zanenta ya koɗe. Matan suka ga tana ɗiga magani, suka yanke hukunci nan take: ba wuƙar likita ba ce, sirrin yana cikin kwalba.

Laure ce ta fara. Ita ce maƙwabciyarta, katanga guda, tare suka yi goyo, tare suka yi takaba. A lokacin ciwon afolo ya shigo unguwa, idon Laure ya yi ja kamar gauta, yana ta kwantsa.

"Ke Baiwa, ɗigo guda dai. Dubi yadda nike kamar wadda tac ci barkono da ido."

"Sun ce nawa ne ni kaɗai, ina ji."

"Kina ji, ko sun ce? Ni da na yi miki wankan jego, yau ruwan kwalba ya fi ni?"

Baiwa ta dubi kwalbar. Ta so ta ce a'a, wallahi ta so. Amma harshen da ya shekara sittin bai yi wannan aiki ba, ba ranar zai koya ba. Ta miƙa.

Kwalba ta tsallaka katanga. Daga Laure ta je wurin surukarta, daga can ta leƙa gidan mai ƙosai, ta biya ta wurin wani tsoho da ko afolon ba ya yi, shi dai kada a yi babu shi. Kowa ya dangwala bakinta a idonsa, ya goge da gefen zane, ya miƙa gaba. Da ta komo hannun Laure saura ɗan abin da ba a rasa ba a gindi. Ita kuwa Laure 'yar mutunci ce, ta san ba a mayar wa mutum da kwanonsa wayam. Ta ɗebo ruwan randa ta cika kwalbar har wuya, ta girgiza, ta kai.

Baiwa ta ga kwalba cike, har ta yaba wa mutane da tsoron Allah. Ta ɗiga.

Da farko ƙaiƙayi ne. Daga nan zafi, irin wanda ke bin ƙashin goshi har ƙeya. Ta ce maganin ne ke aiki, ta ƙara ɗigawa. Haske ya fara yi mata kamar an watsa kunu a madubi. Ba ta kira Mansur ba. Yaron ya ajiye aikinsa saboda ita, ta kuma sake kiransa? Ta ɗaure kai da ɗankwali ta yi ta cije leɓe, har ranar da Laure ta ji nishinta ta bayan katanga da hantsi, ta shigo ta tarar da fatar idon ta kumbura ta rufe. Ita ta sa aka buga wa Mansur waya.

A Argungu aka ce masu aikin sun daɗe da tafiya, sai dai Birnin Kebbi. Can suka haɗu da Paulina, ma'aikaciyar jinya a sashen ido, 'yar Filato mai Hausa a baki kamar tsinken aska. Ta buɗe idon a hankali, ta duba. Ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta saitin taga.

"Mama, tun yaushe kike ɗiga wannan, har yau bai ragu ba? Ko rijiya ce?"

"Albarka ce, ɗiyata."

"Albarka mai gansakuka? Mama, wa ya taɓa kwalbar nan?"

Mansur ya matso. "Inna, wa kika ba?"

Baiwa ta juya kai wajen bango. A nan ne ta gane abin da ya faru, ta kuma gane hannun da ya yi shi.

"Ni na zuba ruwa," in ji ta. "Na ga ya kusa ƙarewa."

Paulina ta dube ta, ta dubi Laure, wadda ta biyo su asibiti, tana rakuɓe a bakin ƙofa da kwanon fura, ba ta ƙara tambaya ba. Sai ta ce wa Mansur:

"Aikin da aka yi mata ba shi da laifi. Amma an yi shuka an tafi, ba a bar mai korar tsuntsu ba. Da akwai wanda ya leƙa ta ko sau ɗaya, ko aka ba ku lambar da za ku kira, da ba mu kai nan ba. Ba ita ce ta farko ba a makon nan."

Likita ya zo, aka yi mata allura a cikin idon, aka rufe, aka ba ta gado. Kullum da safe a buɗe a duba a sake rufewa. Zafin ya sauka. Baiwa ta riƙa tsokanar masu jinya, ta ce wa likita in ya gyara ta za ta aure shi ko bai so. Amma in ɗaki ya yi shiru, sai ka ga hannunta yana shafa audugar kamar mai lallashin jariri.

Ranar da za a sallame ta, Paulina ta zaunar da ita ta cire audugar.

"Mama, me kike gani?"

"Ga taga can. Ga wani abu fari, ke ce ko labule?"

"Ni ce. To yatsu nawa na ɗaga?"

Baiwa ta ji numfashin Mansur a bayanta, yana fita da ƙyar. Ta ƙura ido.

"Uku."

Hannuwan Paulina duka biyu suna cikin aljihu. Mansur ya fita waje da sauri, kamar wanda aka kira.

Likita ya yi bayani a hankali. An ceci ƙwayar idon, za ta bambance dare da rana, ƙofa da bango. Wataƙila ya ɗan ƙaru, amma kada a sa rai da yawa.

Baiwa ta gyara ɗaurin zane ta miƙe. Ta lalubi gefen gado, ta juya wajen da ake ta jan majina tun ɗazu.

"Laure, kukan ya isa, kin cika wa mutane asibiti. Taso ki kama hannuna. Ki kuma kalli gabanki, kada ki jefa mu kwata mu biyu."