Kyakkyawan Ɓeran da Abdulhadi Ya Kulle

Da aka ce mini akwai Bahaushe a Alƙahira da ke kiwon ɓeraye, na ɗauka zolaya ce. A wurinmu ɓera na tarko ne da guba. Ko a ƙasar wajen da na yi karatu, da nake ganin yaran can na wasa da su, ban yarda dabba ce da babban mutum zai ɓata da amininsa a kanta ba. Sai da na hau saman benen Abdulhadi Maikano a unguwar Faisal, cikin zafin 2014, na tarar har lokacin bai huce ba.

Abdulhadi mutumin Funtuwa ne. Karatun addini ya kawo shi Masar, ya gama, ya yi aure, ya zauna yana yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Ɓerayensa na farko wani maƙwabcinsa ɗan Masar ne ya bar masa da zai tashi, ya ce ya riƙe ko ya ba kyanwa. Ya karɓa da niyyar rabuwa da su. Da ya ga suna gane muryarsa, sai ya sayo keji.

Yana da ƙa'ida. Ba ya haɗa mace da namiji sai ya gwada su. Zai kara ɓera a kunnensa kamar mai amsa waya, ya saurari ƙirjinsa. In ya ji numfashin na kurari, magana ta ƙare. In bai ji ba, sai ya jefa shi cikin hannun jallabiyarsa ya sauka sayen burodi. Wanda ya kwanta lamo duk da hon ɗin motocin titin Faisal, shi ne zai haihu. Wanda ya yi cizo kuwa zai ci ya sha har ƙarshen ransa, amma ba zai bar baya ba. Shi ya sa ɓerayensa duk launin ƙasa ne, ba kyan gani, sai lafiya da sanyin hali. Ma'aikatan ofishin jakadanci da ke Dokki, waɗanda gidajen hayarsu ba a yarda da kare ba, wurinsa suke karɓar wa 'ya'yansu.

Da rashin lafiyar mahaifiyarsa ya kira shi gida, sai ya bar makullin saman benen a hannun Ya'ƙub, ɗan garinsu mai sayar da turare. Ya'ƙub ya daɗe yana yi masa tsiya.

"Sarkin ɓeraye, waɗannan naka ko daga kwata aka kamo su sai haka!"

Wata Juma'a Ya'ƙub ya shiga kasuwar dabbobi, ya ga wani namijin ɓera ruwan toka mai sheƙi, da zanen fari daga hanci zuwa tsakiyar kai. Ya dube shi yadda ake duban ragon layya, girma da fata da tsayuwa, ya saya. Don ya burge amininsa, ya saka shi a kejin Gyaɗa, macen da ta fi kowace lafiya a gidan.

Ranar da Abdulhadi ya dawo, a kan matakala Ya'ƙub ya tare shi, bakinsa har kunne.

"Yalla, maza hau ka ga aiki, Gyaɗa ta haihu. Har Malam Habu direban ofishin jakadanci ya karɓar wa 'yarsa Khairat ɗaya."

'Ya'yan sun yi kyau kamar zana su aka yi. Abdulhadi ya ɗauki ɗaya, ya taɓa cikinsa, ya ji shi tamau kamar ganga. Ya ɗauki wani, haka. Maƙwabcin nan da ya bar masa ɓerayen ya taɓa ja masa kunne a kan irin wannan zanen fari: sau da yawa yana zuwa da hanji marar aiki. Muddin nono suke sha ba a gane komai. Suna fara cin abinci ciki zai kumbura, kashi ya ƙi fita.

"Ka saurari ƙirjin ubansu?"

"Wane ƙirji? Dube shi fa!"

"Ka saka shi a hannun riga?"

"In saka? Ranar farko ya kusa cire mini yatsa."

"Ya cije ka, Ya'ƙub, shi ne ka ɗauke shi ka kai wa Gyaɗa?"

Cikin 'yan kwanaki suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, suna jan ciki a ƙasan keji. Sai ga wayar Malam Habu. Na Khairat ya mutu naɗe cikin hijabinta, ta ƙi yarda a karɓe shi.

"Ustaz, da amana na san ka," in ji shi, ya kashe wayar.

Ya'ƙub yana nan tsaye. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ai ba duka suka mutu ba. Waɗanda suka rage mutane sai tambaya suke. Mu haɗa su, mu riƙa zaɓen masu rai."

"Masu mutuwar kuma wa zai riƙa kwashewa? 'Ya'yan mutane? Kai turare kake sayarwa, kwalba ta yi kyau an gama. Wannan abu ne mai ciki, yana jin ciwo! Khalas, ya isa, ba ni makullina."

Abdulhadi ya raba waɗanda suka tsira, maza daban, mata daban, bai ba kowa ko ɗaya ba. Sannan ya saka wata jikanyar Gyaɗa mai launin ƙasa a hannun riga, ya hau ƙaramar bas zuwa gidan Malam Habu a Dokki.

Khairat ta dube ta, ta kau da kai. "Kawu, wannan mummuna ce."

"Mummuna ce. Miƙo hannunki dai."

Ɓerar ta bi hannun ta hau kafaɗa, ta sami wuri ƙarƙashin hijabi ta kwanta. Yarinyar ta daina motsi don kada ta tashe ta. Malam Habu ko shayi bai sa a kawo ba, amma da Abdulhadi ya miƙe bai ce ya tafi da abarsa ba.

Shi da Ya'ƙub yanzu sai gaisuwar masallaci.

A can ƙuryar saman benen, inda inuwar tankin ruwa take, na ga kyakkyawan namijin shi kaɗai, ya yi ƙiba, yana sheƙi. Da na matsa sai ya kawo wa wayar kejin cizo. Abdulhadi ya zura masa ɓallin kokwamba da tsinke.

Na ce, "Tunda yana da masu so, me ya hana ka sayar da shi ka huta?"

Ya harari kejin, sannan ya harare ni. "In sayar wa wa? Duk wanda ya gan shi, gobe zai nemo masa mace."