Matar Ghuddwa da Bindigar Kakanta

A layin maƙera na unguwar Tayuri, inda 'yan ci-rani daga Nijar ke gyaran ƙofofi, wata mata ce tsaye rungume da bargo. Ta haura hamsin, baƙa ce doguwa, tafin hannunta duk kanta irin ta masu aikin dabino. Daga garin Ghuddwa ta shigo. Tana warware bargon, sai ga tsohuwar bindigar farauta, an ɗaure ƙotarta da waya.

"Baba, ta kakana ce," take ce wa wani tsohon maƙeri da Hausarta ta koyo. "Daga kudu ya zo da ita, har ya rasu bai faɗi garinsu ba. Wa ya ƙera ta?"

Tsohon yana shafa gindin ƙarfen da babban yatsa, daidai inda maƙeri kan buga tambarin gidansu. Wurin sumul yake.

"Hajiya, wannan ba tsufa ba ne. Da magagari aka goge."

Ba ta yi mamaki ba, kai kawai take gyaɗawa. Ina jin ta san wanda ya goge: wani ɗan'uwanta ne da ya samu kujera a ofis, ba ya son a ce jininsu ɗaya da 'yan dakon da ke zuwa daga kudu. Shi yana can a inuwa, ita ke shan rana.

Tana naɗe bindigar a hankali. "Akwai wani maƙerin a gaba?"

"Akwai, amma shi ma ido gare shi irin nawa."

Ta saɓa bargon a kafaɗa, ta nufi can duk da haka.