Ranar da lambar ta daina rawa

Abubuwa da yawa sun same ni waɗanda na ce ba zan manta ba, yanzu ko an tambaye ni sai na yi ta lalube. Wannan ba ya cikinsu. Shekara shida ke nan, amma ina iya faɗin zanen da na ɗaura a ranar da abin da na dafa, kuma na san haka zan tafi da shi kabarina.

Ɗiyata ta fari tana da shekara huɗu aka gano tana da ciwon sukari. Daga nan Filinge aka tura mu Yamai, muka dawo da ƴan kwalabe biyu na maganin allura, fari kamar nono, wanda za a riƙa yi mata safe da yamma. Malamar da ta koya mini yin allurar ta ja mini kunne cewa kada maganin ya yi ƙanƙara, kada kuma ya sha zafi. Mu ba mu da firigo, masu shi ma da bazara wuta ba ta zama musu. Sai aka nuna mana a sa kwalaben cikin ƙaramar tukunya, a zaunar da ita cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi. Haka muka yi har sanyi ya wuce.

Maigidana gyaran wayoyi da kwamfutoci yake yi a wata rumfa kusa da tasha. Da bazara ta kama, ya ga ina tashi sau goma ina yayyafa wa tukunya ruwa, ya ce zai yi mana abin da ya fi ta. Ya samo kula irin ta ruwan sanyi, ya huda gefenta, ya saka wani ɗan falle wanda idan an ba shi wuta gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Ya ciro fanka biyu daga matattun kwamfutoci, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Ɗaya tana ciki tana watsa sanyin, ɗaya tana waje ta baya tana kore zafin. Wutar daga batir take, batir kuma daga farantin rana da ke kan rufi. A gaban kular ya manna wani ɗan gilashi mai jar lamba, wai shi ke nuna gudun fanka.

Wurin jona fanka a jikin gilashin guda ɗaya ne, fanka kuwa biyu. Don haka ya yi waya mai reshe biyu kamar gwafa. Ina zaune ina tsinke zogale ina kallonsa. Kowace fanka siraran wayoyi uku gare ta, ja da baƙa da mai ruwan ɗorawa. Ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, ɗorawa da ɗorawa, ya naɗe da baƙar roba. Da ya kunna, cikin kular ya yi sanyi kamar gindin randa. Amma lambar ta ƙi tsayawa. Ta hau dubu uku, ta faɗo ɗari tara, ta sake hawa, ba ta minti guda wuri ɗaya. Ni aji uku na yi a lakwal, rubutu ban iya karanta shi sosai ba, amma lamba na san ta.

Na ce, "Malam, mi ya sa take rawa haka?"

Ya ce, "Wani ɗan abu ne, in na samu sarari sai in gyara. Ke dai abu guda za ki kula. In kin ga sifiri, fanka ta tsaya ke nan, ki kwashe magani ki maida tukunya."

Bai samu sararin ba. Ni kuwa rawar lambar nan ta hana ni sakat. Ina daka sai in ajiye taɓarya in je in leƙa. Duk sanda ta faɗo ƙasa sai gabana ya faɗi, ina jiran sifiri. Surukata, wadda muke kira Inna, tare muke zaune, kuma ita ke riƙe yarinyar idan zan yi allura. Tana son ta kamar ranta, amma halina bai yi mata ba. Takan ce, "Ke ɗiyar nan, ina kunyarki? Ɗiyar fari ce fa. Mu da ko kallon ɗan fari ba mu yi gaban mutane, ke kin tasa kula gaba kamar za ta haihu."

Ana haka aka kira maigida aiki Abala, na kwana biyar. Washegarin tafiyarsa ne sunan ɗan ƙanwata, a wani ƙauye wajen Tondikandiya, na kuma riga na aika cewa ba zan samu zuwa ba. Da safe na yi wa yarinya allura, na mayar da kwalba, na dama kunu, na share tsakar gida. Da na shiga na leƙa, sai na ga lambar ta tsaya. Na zauna na zuba mata ido, ba ta hawa, ba ta sauka. Na ma lura ƙarar da kular ke yi ta ragu. Duk na ga wannan, na kuma ji, amma sai na fassara shi da lafiya. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda rabona da shi tun kafin Yamai.

Na fita na gaya wa Inna. Ta ce, "To ga shi Allah ya gyara miki. Tashi ki tai sunan ƙanwarki, kada a ce gidan miji ya raba ki da dangi. Yarinya na wurina."

Na tafi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ranar. Na ci, na yi dariya, na goyi jariri.

Ban dawo ba sai bayan la'asar. Inna ta fita barka maƙwabta da yarinyar. Na duba gilashi, lamba na nan tsaye yadda na bar ta. Ina ɗaga murfin kular zafi ya doki fuskata kamar na buɗe tukunyar tuwo. Na ɗauki kwalba, ta yi zafin da sai da na sauya mata hannu. Na ja kular daga bango na duba bayanta. Fankar waje a tsaye take, wata ƴar tsaka ta shiga tsakanin fikafikanta ta mutu a ciki. Na sa tsinke na zaro ta. Fanka ta tashi, nan take lambar ta koma rawarta.

A nan ne na yi abin da har yau nake neman gafarar Allah a kai. Na kai kwalaben gindin randa har suka huce, na mayar cikin kula, ban gaya wa kowa ba. A raina na ce ai ruwa ma idan ya yi zafi aka bar shi yakan koma ruwansa. Da na murza kwalbar a tafina na ga wasu ƴan gudaji sun manne a jikin gilashin, ba su narke ba. Na kau da ido. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Aiki ɗaya aka bar mini, na tafi biki na bar shi. Da magariba na ja maganin nan na yi mata.

Kwana ɗaya, ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Na ce bazara ce. Kwana biyu, na ga kiyashi sun yi layi inda ta yi fitsari bayan ɗaki, kamar yadda suka yi kafin a gano ciwon. Na ɗebo ƙasa na rufe wurin. Maigida ya kira ya tambayi lafiyarmu, na ce lau. Ran na uku da hantsi ta yi amai sau biyu, ta kwanta, numfashinta ya yi zurfi, bakinta na warin mangwaron da ya nuna ya wuce. Na kira ta, ta buɗe ido amma ba ni take kallo ba. Na saɓe ta ko mayafi ban gyara ba, na tsayar da ɗan kabu-kabu, Inna ta biyo mu da kwalaben a ƙulle cikin gefen zane.

Majon da ya karɓe mu a asibiti, wato babban malamin jinya, dattijo ne, ba ya da yawan magana. Ya soki yatsanta, ya duba, ya sa aka ɗaura mata ruwa, sannan ya juyo gare ni.

"Kina yi mata allurarta?"

Na ce, "Ban taɓa tsallakewa ba."

Ya karɓi kwalba daga hannun Inna, ya ɗaga ta wajen taga. Ya ce, "Wanga magani ya dahu. Yaushe ya sha zahi?"

Inna ta ce, "Bai sha ba, likita. Ɗana ya yi mishi injin sanyi, ita ko wagga ba ta ɗauke ido daga kai."

Majo kuwa ni yake kallo. Na dubi ɗiyata a kan gado, hannunta ɗan siriri da roba a ciki, na faɗi komai, har da sunan, har da randa. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Da ran nan kin kawo shi, da mun canza miki, shi ke nan. Maganin nan in ya dahu ba shi komawa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Inna ta zauna a ƙasa ta ce, "Ni na ce ta tafi."

Maigida ya iso da la'asar. Muka zauna gindin dogon yaro a harabar asibiti, na ba shi labarin tun daga farko. Da na kai inda lambar ta tsaya, sai ya dafe kai. Sannan ya ɗauki tsinke ya zana gwafar wayar a ƙasa. Ya ce ja da baƙa wuta suke kai wa fanka, ta ɗorawa kuwa ita ke komawa ta gaya wa gilashi gudun fankar. Gilashin fanka ɗaya aka yi shi ya saurara. Shi kuma ya haɗa masa biyu, kowace na faɗin nata a lokaci guda, shi ya sa lissafin ya rikice. Ya kamata ya yanke ɗorawar fankar ciki, ya bar ta waje kaɗai, wadda idan ta tsaya kula ke zama murhu.

Na ce, "Wato da lambar ta tsaya, fanka ɗaya ce ta mutu, ta bar ɗayar tana magana?"

Ya ce, "Haka ne. Shi ya sa ba ki ga sifiri ba, kuma ba za ki taɓa gani ba. Na san akwai gyara tun ran farko. Aikin minti biyar ne, na bar shi don na ga yana sanyi."

Bai tambaye ni abin da ya sa na ce masa lau ba. Har yau bai tambaya ba.

Sai washegari da hantsi ta farfaɗo. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce Inna ta ba ta fura. Inna ta yi dariya tana share hawaye da bakin zane, ta ce, "Kwaɗayayya, furar ce ba ki samu." Kwana shida muka yi aka sallame mu. Yanzu tana lakwal, da kanta take yi wa kanta allura.

Ranar da muka koma gida ya yanke wayar a gabana. Ya ce gilashi zai kula da fankar waje, ta ciki kuwa ba mai kula da ita sai hannuna, in riƙa sa shi ciki ina jin iska.

Na yi ta tunanin abin nan shekara da shekaru. Wayar da aka haɗa ba daidai ba da tsakar da ta shiga fanka sun ɓata kwalba biyu ne kawai, kwalba kuwa ana samun wata. Abin da ya kusa kai ɗiyata lahira shi ne kwana ukun da na yi ina gani ina rufewa. Tun daga lokacin, idan abin da ban gane kansa ba ya sauya, ko sauyin ya yi mini daɗi, sai na tambaya. Idan kuma na yi ɓarna, a ranar nake faɗi, tun tana hannun da za a iya gyara ta. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, yarinya ƴar shekara huɗu ce ta ɗauke mini ita a jikinta.