Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Tun kafin in haifi yarinyar nake tsoron kududdufin unguwarmu. Ramin da aka haƙi ƙasar ginin gidajenmu ne. Da rani awaki ke kwanciya a cikinsa, da damina kuwa sai ya cika har ya taɓo hanyar rijiya. Ina da ciki nake wucewa ta bakinsa da tulu a kai, ina auna zurfinsa da ido, ina cewa a raina wata rana zai ci ɗan wani. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Unguwar tamu sabuwa ce, a bayan garin Batsari. Da aka ɗan sami sauƙin mahara, cikin gari kuma ya yi wa mutane kaɗan, sai masu sabon aure suka fito suka yi gini a jere. Mazanmu duk masu jakuna ne. Ana sallame asuba za ka ji suna ɗaura mangala, wasu su nufi Wagini da wake, wasu Safana da gero, wani lokaci a ɗauke su kai hatsin sarki birnin Katsina su kwana can. Sai rana ta yi ja suke dawowa, ƙafa duk laka, ba mai ƙarfin magana. Tsakanin fitarsu da dawowarsu ba kowa a unguwar sai mata da yara, da wani tsoho mai tufkar igiya a gindin tsamiya, wanda duk muke ce wa Baba.

Baƙi suna yabon zamanmu. Kowace danga da 'yar kafar da mata ke bi zuwa gidan maƙwabta. Yaro ya ci abinci a inda yunwa ta kama shi, ya yi barci a inda barci ya kwashe shi, wadda ta gan shi da majina ta share. Haka ne kuwa. Sai dai in kowa na kallon yaro, kowa kan ɗauka wata ce ke kallonsa a lokacin.

Ni kuma ga kunyar 'yar fari. Ba na faɗin sunanta. In ta faɗi a gaban mutane sai in kau da kai har wata ta ɗaga ta. In ana hirarta in yi kamar ban ji ba. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka ake so. Da wutsiyar ido nake binta, ina daka ina sauraren muryarta ta bayan danga. Wannan kallo da ba a so a ga kana yi ya fi daka gajiyar da ni.

Ranar da nake son ba da labarinta tsakiyar damina ce, an kwana da ruwa. Maigida ya fita Wagini. Yarinyar ba ta daɗe da iya gudu ba, ƙanenta kuma yana goye a bayana. Na dama kunu na ajiye mata a ƙoƙonta, na shiga surfe. Da hantsi ya yi na waiga, ƙoƙon na nan, ƙudaje sun rufe shi.

Na ce wataƙila ta sha a wani gida. Na ɗauki kasko na bi ta kafar danga, wai ɗibar wuta. Na leƙa yaran gidan, ba ta cikinsu. Na koma na kashe garwashin, na shiga gida na gaba aron rariya. Na shiga wani neman gishiri. A ƙarshe na sake komawa gidan farko da kaskona. Matar gidan ta girme ni, Yaya nake ce mata, ita kuma har lokacin amarya take kirana.

"Amarya, yau murhunki a rijiya yake ne? Ɗazu fa kika ɗebi wuta."

"Itacen ne ya jiƙe, Yaya."

"Itace ko? Idonki dai ba kan murhu yake ba. Me kike nema?"

Maganar ta zo mini har baki. Sai na ga surukarta zaune tana tsince wake tana kallona, na ce, "Ba komai."

Har yau ina tuna wannan ba komai ɗin. Na koma gida na tsaya a tsakar gida da taɓarya a hannu, ban daka ba, ban ajiye ba. Da rana ta take tsaka na ɗauki tulu, alhali randa cike take, na bi hanyar rijiya. A bakin kududdufin na ga 'yar tsanarta ta kara, wadda na ɗaura wa tsumma ja, tana yawo a kan ruwa.

Ban san lokacin da tulun ya faɗi ba. Na buɗe baki na kira sunanta. Na sake kira. Sunan ya yi mini wani iri a baki, don ban taɓa faɗinsa da ƙarfi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Mata suka firfito da hannuwa duk gari. Baba ya ajiye igiyarsa, ya tattare riga ya shiga ruwan da doguwar gora yana lalube, ruwa har ƙirjinsa, ga shi da tari. Aka bi gonakin gero ana kira. Ni dai ina tsaye, na bayana yana kuka, na kasa jijjiga shi.

Yaya ta dafa ni ta ce, "Ko mene ne, sai kakarta ta ji daga bakinmu. Taho mu shiga gari."

Mun sami Inna, uwar mijina, a inuwa tana kaɗi. Muka durƙusa, gaisuwar ma Yaya ce ta yi mana. Ta fara lalubo yadda za ta faɗa, sai Inna ta tare ta, mazari bai ko tsaya ba.

"Yarinyar? Ai tana Wagini da ubanta. Bin jakuna ta yi, bai ankara ba sai da suka kai rafi. Ya sa ta a mangala, ya aiko wata mai tallar nono ta gaya mini tun da hantsi."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Inna, da an gaya mini."

Ta dube ni da mamaki na gaskiya. "A gaya miki, 'yar nan? Ke da 'yar fari? In na aiko miki ai na kunyata ki, kamar na ce kin damu da ita."

Ba mugunta a maganarta. Mutunci ta yi mini, irin wanda aka yi mata.

Maigida da yarinyar suka dawo gab da magariba. Tana barci a cikin mangala, hannunta danƙe da guntun ƙuliƙuli. Yaya ce ta ciro ta, don mutane na kallo. Da muka shiga gida na kai wa maigida ruwa na ce, "Maigida, da ka aiko gida."

"Ai na aika."

"Gidan Inna ka aika."

Ya yi ta sosa wuyan jaki. Can ya ce, "To yaya zan aiko miki a kan waccan?" Shi ma bai iya faɗin sunan.

Baba ya kwanta da zazzaɓi bayan shigarsa ruwan, na yi ta kai masa kunu har ya tashi. Matan unguwa kuwa suka sami abin wasa. In na zo rijiya sai wata ta maƙale murya ta kwaikwayi kiran da na yi, a yi dariya, a ce amarya ba ta da ta ido. Nakan yi murmushi. Mazan sun ce za su kewaye kududdufin da ƙaya, amma suna fita ba a gama ganin hanya ba, su dawo a gajiye. Na sari ƙaya da kaina na jera a bakinsa, kafin ruwa na gaba wata ta kwashe ta hura wuta. Yanzu ƙanenta ya fara tafiya. Shi dai ina da damar ƙwala masa kira.

Karatuna bai wuce allo ba, da ƙyar na haɗa waɗannan baƙaƙen. Abin da nake roƙon mai karantawa ɗan kaɗan ne. In ka ɗauki ɗan farin wata, ko ka gan shi ya bi wani, ka gaya wa uwarsa. Za ta kau da kai, ta yi kamar ba da ita kake ba, wataƙila ma ta ce ina ruwanta. Ka faɗa mata duk da haka.