Maharbin da Bai Busa Ƙaho Ba

Wata uku ke nan da makarantar da nake koyarwa ta sallame ni, kuma har zuwa Talatar da ta wuce ban gaya wa kowa ba. Ba laifi na yi ba. Ɗalibai ne suka ragu, aka haɗe azuzuwa. Duk sanda yayata Binta ta kira ta ce, "Nura, ya aiki?" sai in ce mata da godiya. Ba zan ce ƙarya ce tsagwaro ba, amma dai ba gaskiya ba ce. Na kai takarduna wurare biyu, na ce bari in ji daga ɗaya tukuna, sai in haɗa labarin rashi da na samu in faɗa lokaci guda. Ni kaɗai nake zaune a wani ɗaki a Nasarawa Gwom, ba mai sanin na fita ko ban fita ba. Ina jin yawan shirun nan ne ya sa na riƙa tuna Kaka.

A gidanmu na Anguwan Rogo, ɗakinta ne na ƙarshe. In aka idar da magariba, sanyin Jos ya fara shiga ƙashi, sai a shigo mata da kasko cike da garwashi, ta tura dankalin Turawa biyu ko uku cikin toka. Da can yaran gidan duka nan suke taruwa. Amma shekarar da maƙwabcinmu ya sayi talabijin, kowa ya koma can. Ba zan yi fariyar cewa son tatsuniya ne ya tsayar da ni ba. Tsoro nake ji in je in tarar babu wurin zama, kowa ya juyo yana kallona.

"Maigida, kai kaɗai ka rage mini?" in ji ta. "To zauna. Miji ba cefane, ba zane, ai ko hira ka biya ni da ita."

Mahaifinta maharbi ne kafin ya shiga haƙar kuza, don haka labaranta ba su cika fita daga daji ba. Ita ta gaya mini yadda suke farauta a cikin duwatsun nan. Mutane sukan fita da yawa, su warwatsu, kowa da ƙaho a rataye. Ƙa'idarsu ita ce, da zarar kibiyarka ta taɓa nama, ka busa. Ba a jira dabba ta faɗi. Waɗanda ke kusa sai su rugo su tare mata hanya, duk wanda ya zo kuma yana da rabonsa.

"Ga wata tatsuniya nan ta iso bakin ƙofa," ta ce, "wa zai shigo da ita?"

"Ni, Kaka. Ta shigo."

Labarin wani maharbi ne, Gambo, idan ban manta sunan ba. Gwani ne, ba a taɓa jin ƙahonsa an zo an tarar da wayam ba, kuma yana ji da wannan suna. Wata rana da hantsi ya hangi barewa tana kiwo a gindin wani dutse. Ya ja baka ya saki. Barewar ta yi tsalle ta ɓace. Da ya isa wurin ya ga jini, amma ɗigo uku ne kawai a kan ciyawa. Ya kai ƙaho baki, sai ya sauke. Ya ce a ransa, in ƙujewa ce kawai fa? In tara mutane su zo su ga ɗigo uku? Bari in ƙara gaba in tabbatar.

Ya ƙara gaba, ya ga jini a jikin dutse. Ya ce bari in gan ta da idona. Ya haye wani tudu, ya hango ta tana ɗingishi. Ya ce bari ta faɗi tukuna. A nan Kaka takan juya dankali da yatsunta, ba ta jin zafi, ta bar ni ina jira.

Sai da rana ta yi ja sannan ya cim mata. Ta faɗa cikin wani tsagin dutse mai zurfi, tana kwance tana kallonsa. Mutum ɗaya ba zai iya sauka ya fito da ita ba, sai da igiya da hannu huɗu. Sannan ne Gambo ya busa. Ya busa har kumatunsa suka yi ciwo. Amma ya yi nisa, abokansa kuma sun daɗe da juyawa gida, suna zaton ya riga su. Ya zauna a bakin tsagin, shi da barewar, ba mai iya yi wa wani komai, har duhu ya kore shi. Kuraye ne suka ci naman.

Na tuna na yi mata gardama. Na ce, "Amma Kaka, ai yana da gaskiya. In da ya busa tun farko, aka zo, barewar kuma ta tsere fa?"

"Sai su yi masa dariya."

"To kin gani!"

"Su yi masa dariya, su taho gida tare. Kai, wannan miji nawa, dariya ce ta taɓa cinye wani? Ungo dankalinka. Tatsuniya ta tafi abinta, tashi ka kai kaskon waje."

Shekaru da yawa na ɗauka labarin girman kai ne, kuma da yake ban ɗauki kaina mai girman kai ba, na ajiye shi gefe. Barewa ma ban taɓa gani ba sai sau ɗaya, a gidan namun daji, ta bayan waya. Yanzu da Kaka ta rasu, ba wanda zan tambaya, amma ina zaton ba abin da take nufi ke nan ba. Gambo bai raina abokansa ba. So yake kada ya kira su sai da abin nunawa a hannu. Ni ma abin da nake kira natsuwa da rashin son ɗora wa mutane nauyi, wataƙila wannan ne. Kowane mako sai in ce bari in ƙara ɗaya, kowane mako kuma faɗar na ƙara wuya.

Ranar Talata, bayan la'asar, na kira Yaya Binta. Na shirya jawabi mai tsawo, har da dalilai a jere, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, ba na aiki."

"Tun yaushe?"

"Wata uku."

Ina jin kukan ɗanta da ƙarar keke Napep a bayanta.

"Wata uku, Nura. Ina nan Anguwan Rogo, ba Legas ba. Me kake ci?"

Na fara cewa ai ba komai, ina lallaɓawa, akwai ma wurare biyu da nake sa rai.

"Ban tambaye ka wurare biyu ba. Ka sa takalminka ka taho yanzu, tuwo na kan wuta. Faɗan kuma sai ka ƙoshi zan yi maka shi."

Har yau ban ji daga ko ɗaya cikin wuraren ba, kuma ban san ko zan ji ba. Faɗan dai ta yi shi, ya kai awa guda, a gaban mijinta da yaranta. Rabon da wani ya yi mini magana mai tsawo haka, na manta.