Nu'uman, Malamin Gonar Da Ya Tsare Mana Mashigi

Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, daidai da 15 ga Zulƙida, 1446, ina bakin rumbun wani manomi a Rawayau muna duba irin gero, aka kira ni aka ce Malam Nu'uman Ilu Barkiya ya cika a asibiti a Dutsin-Ma, bayan jinyar kwana tara. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas, aka yi masa sutura bayan la'asar a ƙauyenmu da ke yankin Barkiya.

Nu'uman, kai ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunka, don haka mun shekara hamsin muna tsokanar juna ba wanda ya isa ya raba. Tare muka shiga makarantar koyon aikin gona, tare muka fito malaman gona, kai kana yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan Kurfi, ni ina zaune a ofis a Dutsin-Ma kana kirana malamin gonar takarda. Masu ta'aziyya sun yi ta faɗin alherinka: yadda ba ka cin tuwo a gidan manomi sai ka ga gonarsa, da yadda kake raba iri ba ka tambayar jam'iyyar kowa. Duk gaskiya ne. Amma ni akwai abu ɗaya da nake so a rubuta, domin ina wurin aka fara shi, kuma ina cikin waɗanda suka yi maka dariya.

A ƙarshen 2015 aka tura mu kwas na mako uku a kan noman shinkafa a lardin Aceh na ƙasar Indonesiya. Ranar hutu masu masaukinmu suka ce za su kai mu wuraren tunawa da igiyar ruwa ta tsunami, wadda ta afka musu a Disambar 2004, ta kashe mutum sama da dubu ɗari a lardin kaɗai. Ni kasuwa na so zuwa in sayo wa iyali atamfa. Kai ka ja hannuna ka tura ni mota.

Mun ga jirgin ruwa mai girman bene zaune a tsakiyar unguwa, inda ruwa ya ɗauko shi daga teku ya ajiye. Mun shiga wani gini da aka rubuta sunayen mamata a bango tun daga ƙasa har inda ido ba ya kai. Daga nan aka kai mu wani fili mai koriyar ciyawa, shiru, babu tudun kabari ko ɗaya. Aka ce mutum fiye da dubu arba'in ne kwance a ƙarƙashinsa, ba a san wane ne wane ba. Muka yi addu'a. Na juya zan koma mota, sai na ga ka tsuguna gaban wata dattijuwa da ke zaune a kan tabarma da Alƙur'aninta, ka jawo mai yi mana tafinta.

Sunanta Nurhayati. Ta ce irin waɗannan filaye uku take ziyarta bi da bi, don ba ta san wanda mijinta da 'ya'yanta biyu suke ciki ba. Ta ba mu labarin safiyar: bayan girgizar ƙasa teku ta ja da baya, ta bar kifi yana tsalle a kan yashi, rana tarwai, ba gajimare. Mutane suka ɗauki kwanduna suka ruga tsintar kifi, har da mijinta da 'ya'yanta, sai igiyar ta dawo ta tafi da su. Ta kuma ce akwai wani tsibiri can gaba inda kakanni suka bar wa jikoki magana cewa in ƙasa ta motsa teku ta janye, a bar komai a hau tudu. Su mutum kaɗan suka rasa.

Da muka shiga mota ka ce da ni, "Mutawakkil, wagga magana ta mashiginmu ce."

Na ce ina Kurfi ina teku, ko zafin ƙasar ne ya taɓa ka. Sai da na faɗa na tuna, kunya ta rufe ni. Mahaifiyarka, Gwaggo Ikilima, a mashigin ƙoramar bayan ƙauyenmu ruwa ya tafi da ita a daminar 1979, tana dawowa daga kasuwa, kana ɗan shekara goma sha biyu. Ranar ko ɗigo ba a yi a garinmu ba. An kwana uku ana bin gaɓa ba a same ta ba. Ashe duk shekarun nan da muke wasa da dariya, kai ma ba ka da kabarin da za ka tsaya a kai.

Wanda bai san wurin ba ya kamata ya gane yadda abin yake. Ƙoramar nan yashi ne zalla yawancin shekara, ta ciki ake bi zuwa kasuwa da gonaki. Mu kuma tun kakanni da sararin kanmu muke auna ta: mutum ya ɗaga kai, in bai ga hadari ba, ya shiga. Alhali ruwan da ke kashe mu ba a kanmu ake yinsa ba. Can tudu ake shatata shi, wajen rugagen Fulani, tafiyar kusan awa ɗaya a babur, ya taru ya gangaro lokaci guda. Kowa ya san haka, amma ba wanda ya taɓa tunanin a tambayi mutanen tudu.

Kai ka tambaya. Mako biyu da dawowarmu ka hau babur ka je rugar su Tani, wata Bafulatana mai tallan nono da ta san kowane gida a ƙauyenmu. Ka nemi izinin mijinta da na ardonsu, ka ba ta waya, kuka yi alkawari: duk ran da aka yi ruwa mai ƙarfi a wajensu, ta kira ka, kai kuma ka kira ladan ya faɗa a lasifikar masallaci cewa kada kowa ya shiga mashigi sai an sake sanarwa. Dattawa suka ce lasifikar masallaci ta kiran salla ce, wasu suka ce mai rabon mutuwa a ruwa ba waya da za ta hana. Ba ka yi gardama da kowa ba. Ka zauna da liman kwana uku a jere bayan azahar, har ya yarda cewa tsare rai ma ibada ce.

Daminar farko ta ba ka kunya, ba zan ɓoye ba. Sau uku aka yi shela, sau uku ruwan da ya zo bai kai ƙauri ba. Mata suka rasa kasuwa, fura ta yi tsami a kai, samari suka laƙaba maka Sarkin Teku. Ni da kaina na zo har gida na ce ka rufa wa zuri'a asiri ka bar wannan abu. Ka zuba mini shayi, ka ce, "A zage ni sau goma ya hi mini a bi gaɓa ana neman gawa sau ɗaya." Na ce taurin kan nan dai ba daga wajen kawunnanka ka gado shi ba, ka ce ai daga can ne.

Ka ci gaba, kana gyara aikin. Ka koya wa Tani ta riƙa duba wani dutse a bakin kwarin rugarsu, in ruwa ya rufe shi sannan ta kira. Shelar banza ta ragu. Duk da haka mutane ba su daina ɗaga kai sama ba.

Sai wata Alhamis ta watan Agustan 2020, da hantsi, rana kamar ta rani. Tani ta kira ta ce dutse ya nutse har ba a ganin inda yake. Ladan ya yi shela, amma ka san halin mutanenka, don haka ka je ka gitta babur a bakin mashigi ka zauna a kai. Mutum sun fi talatin suka taru, masu kaya a kai, masu jakuna, kowa na nuna maka sama. Cikinsu akwai matata Hawwa'u da 'yarmu Jannat, sun zo daga Dutsin-Ma za su suna a ƙetare. Hawwa'u ta faɗa mini da bakinta cewa ta ce maka, "Haba Malam, ka bari mu wuce mana, ga yashi nan bushe ƙarau." Kai kuma ka ce ta kira mijinta ta kai ƙara, amma ba mai tahiya.

Ko minti biyar ba a yi da wannan magana ba suka ji ƙugi. Ruwan ya zo jawur, ya fi tsayin mutum, ɗauke da itacen marke da saiwarsa. Faɗin mashigin nan mace mai kaya da yarinya sai sun yi minti goma kafin su fita. Na sha lissafa wannan minti goman, Nu'uman. Da yamma na zo in yi maka godiya, bakina ya kasa, sai na ce ashe mahaukaci ma yana da rana. Ka yi dariya har da hawaye. Ban taɓa faɗa maka da kalmomi masu kyau ba, to ga shi yau: kai ne sanadin da ya sa nake da iyali, kuma na san haka kullum.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shekarun da suka biyo baya, lokacin da tsaro ya lalace, zargi ya shiga tsakanin manoma da makiyaya. Aka ce maka ka daina zuwa ruga, aka ce wa Tani ta daina kiran Haɓe. Ba ka daina ba, ita ma ba ta daina ba. Tun daga daminar 2016 zuwa bara, mashigin da ya saba cin rai kusan duk bayan shekara biyu bai ci ko ɗaya ba.

Da aka binne ka, abin da ke raina ke nan. Ga damina a bakin ƙofa, an fara ganin walƙiya a kudu, aikin kuma a kan amanar mutum biyu yake tsaye, ɗaya ya tafi. Na ɗauka shi ke nan.

Ran addu'ar uku sai ga Tani da mijinta, sun yo tafiyar nan a ƙasa. Ta yi gaisuwa a cikin gida, ta fito ta tsaya nesa da tabarmar maza, aka ce ana kirana. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wayar. Na zaci mayarwa za ta yi. Sai ta ce, "Malam ya tahi, Allah shi jiƙan shi. To, in dutse ya nutse, wa za ni kira?"

Na karanta mata lambata, mijinta ya sa a wayar. Ladan yana zaune, ya ce a sa tasa ma. Babban ɗanka Abdullatif ya ce babur ɗinka yana nan, kuma ya san inda ake gitta shi. Na riga na nemi a maido ni Kurfi da aiki kafin ruwa ya zauna. Malamin gonar takarda zai koyi hanyar ruga, ka kwantar da hankalinka. Ba za a bi gaɓa bana ba, in Allah Ya yarda, kuma jikokinmu za su tashi su tarar da maganar.

Ya Allah, ga bawanKa Nu'uman ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa rayukan da ya tsare su zama nauyi a mizaninsa. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa Ikilima a Aljannar Firdausi, Kai da Ka san inda take kwance. Ka jiƙan mutanen Aceh da ke ƙarƙashin ciyawar nan, Ka ba masu ziyartarsu haƙuri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Nana Fatima, da Abdullatif da ƙannensa, da malaman gona na Kurfi da Dutsin-Ma, da mutanen Barkiya, da mutanen ruga waɗanda rashin nan nasu ne kamar yadda yake namu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu riƙe abin da ya bari, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Mutawakkil Almu
Dutsin-Ma