Saƙon Baki a Motar Argungu

Labbo a bakin ƙofar mota ya tsufa. Tun yana saurayi ya bar gonar albasar ubansa a Gwadangaji ya shiga tashar Birnin Kebbi, zamanin da gwamna ke zaune Sakkwato, waya kuwa sai a ofishin gwamnati. Waɗanda suka fara kwandasta tare da shi duk sun zama direbobi, shi ko sitiyari bai taɓa roƙo ba. Ana cewa ba shi da buri. Yana da shi, sai dai ba a kujerar direba yake ba.

A motar Argungu shi ke raba wurin zama, shi ke sanin wa ba ya ga maciji da wa. Sannan ga saƙon baki. Wanda bai iya rubutu ba, ko ba ya son mai rubutu ya ji cikinsa, sai ya zo tasha ya raɗa wa Labbo. An shaide shi ba ya mantuwa, ba ya tsegumi. Abin da ba a sani ba shi ne, saƙo ba ya sauka yadda ya hau. Wata ta ce a gaya wa ƙanwar mijinta ɓarauniya ta maido mata tukunya, sai Labbo ya isa ya ce, "Tana gaishe ki, ta ce in kin ƙare da tukunyar." Tukunya ta dawo, har da ƙuli-ƙuli a ciki.

Yakan ce wa kansa don zumunci yake yi, kuma da gaskiya a ciki. Amma akwai wani daɗi da bai taɓa faɗa wa kowa ba: gidaje da yawa a garuruwan biyu ta bakinsa suka san juna, kuma shi kaɗai ya san ainihin abin da kowa ya ce.

Aikinsa mafi tsawo shi ne na 'ya'yan wani masunci. Dankure, babban, yana Argungu yana su da noma. Ummaru, ƙaramin, masinja ne a Birnin Kebbi. Gonar shinkafar da ubansu ya bari a fadama ta raba su.

"Ce mai in ya sake aiko da zancen gonag ga, ni da shi sai Lahira," in ji Dankure.

Labbo ya isar: "Yayanka ya ce ka ƙara haƙuri, sai ruwa ya janye."

Ummaru ya ce, "Hwaɗa mai Allah ya isa." Wannan ta sauka Argungu a matsayin gaisuwa da tambayar lafiyar yara. Haka aka yi damina bayan damina, kowanne na jin ɗan'uwansa ya fara saukowa.

Ranar wata Juma'a, lokacin yankan shinkafa, Labbo na ɗaure buhuna a saman mota sai ga Ummaru da sabuwar riga da ƙunshin goro.

"Malam Labbo, yau ba saƙo. Ni da kaina za ni. Tunda Yaya ya yi laushi, kunya ta in bari sai ya taho."

"Mota ta cika," in ji Labbo.

Hodi direba ya leƙo ta taga. "Ta cika da wa, aljanu? Shigo gaba, Ummaru."

Labbo ya yi hanyar nan a tsaye, hannu a ƙarfen ƙofa. Sau da dama ya buɗe baki zai gaya wa Ummaru gaskiya. Ya tarar ba faɗan 'yan'uwan yake tsoro ba, kallon da za a yi masa a tasha gobe yake tsoro. 

Dankure na tashar Argungu, ya kawo kwandon bandar kifi za a kai kasuwa. Ya ga ƙanensa, fuskarsa ta ɗaure.

"Mi ya kawo ka?"

"Kai kac ce in ruwa ya janye."

"Ni? Cewa na yi sai Lahira."

"To, ni ma Allah ya isa na aiko maka."

"Gaisuwa anka kawo min."

Suka juyo tare suka dubi Labbo. Dankure ne ya fara, Ummaru ya karɓa, kowanne na tuna wa ɗan'uwansa zagin da ya aika aka cinye a hanya. Masu goro da masu tuyar kifi suka matso suna ji. Da suka gaji, Dankure ya fizge ƙunshin goron daga hannun ƙanensa ya ce, "Mu tahi gida, ba a gaban maƙaryacin ga ba."

Labarin ya riga motar komawa Birnin Kebbi. Daga ranar ana ba Labbo buhu, ana ba shi kaji, amma ba wanda ya ƙara raɗa masa magana. Wasu tsofaffi sun ce ya yi aikin lada, su ma ba su ƙara aikensa ba.

Gonar an raba ta a gaban dattawan unguwa. Ummaru kan shiga motar duk ƙarshen wata, ya gaishe da Labbo a taƙaice, ya zauna gaba. Labbo kan dubi ƙeyarsa har Argungu, yana son ya san me za su faɗa wa juna.